Wasa a zaman jinyar damuwa na rukuni, da inda ake kuskure

Akwai mai fama da damuwa da zai yi mako uku yana zuwa zaman rukuni bai ce uffan ba. A miƙa masa takarda da fensir mai launi, sai ka ga bakin ya buɗe. Abin da ya yi nauyi a harshe sau da yawa hannu yakan iya fitar da shi. Likita Jacob Moreno ne ya fara tsara jinya ta hanyar wasan kwaikwayo a shekarun 1920, kuma kashi ukun da ya shimfiɗa har yau su ake bi: sakin jiki, aikin kansa, sai tattaunawa.

Manya 6 zuwa 10 sun isa, zaman ya ɗauki kamar minti 90. Minti 15 na farko wasa ne mai sauƙi, misali jefa ƙwallo kowa na faɗin sunansa. Sai zane, ko kwaɓa yumɓu, ko a ajiye kujera babu kowa a kanta, mutum ya faɗa wa wanda ya rasu ko wanda ya cuce shi abin da bai samu damar faɗa ba.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne ƙarshe. Jagora ya bari aikin ya cinye lokaci, a tashi mutum na tsaka da kuka, an fama masa miki ba a ɗaure ba. Minti 25 na ƙarshe kada a taɓa su. Idan an yi wasan kwaikwayo, wanda ya tsaya a matsayin uban wani ya faɗi da bakinsa: "Ni ba mahaifinka ba ne," ya ambaci sunansa na gaskiya, don kada haushin ya bi shi waje. Sauran kuma su faɗi abin da ya taɓa su, ban da nasiha.

Kada jagora ya fassara zane, ya ce baƙin launin nan baƙin ciki ne. Ya ce kawai, "Ba mu labarinsa." A guji wasan da ke da mai ci da wanda aka ci, domin mai damuwa ya riga ya ɗauki kansa kasasshe. Wanda ya ce zai kalla kawai, a ƙyale shi. Tilasta shi na iya dawo masa da firgicin da ya zo nema wa magani.

Idan zanen wani ko maganarsa ta nuna tunanin kashe kansa, a keɓe da shi bayan zaman, a haɗa shi da likita a ranar.