Waiwaye: Gwajin Motsi da Hasashen Raunin 'Yan Wasa

A tsakiyar shekarun 1990 ne wasu masana biyu a Amurka, Gray Cook da Lee Burton, suka tsara gwajin da ake kira FMS (Functional Movement Screen), mai duba yadda jikin ɗan wasa ke motsi. Motsi bakwai ne. A ɗaya daga ciki, ɗan wasa kan ɗaga sanda sama da kansa ya tsuguna har ƙasa, mai gwaji na lura ko dunduniya ta ɗaga, ko gwiwa ta karkata ciki. Kowane motsi makinsa daga 0 zuwa 3, jimilla 21. In ya ji zafi, sifili ke nan.

Binciken da Kyle Kiesel da abokan aikinsa suka fitar a 2007 ne ya ɗaga sunan gwajin. Sun bi 'yan wasa 46 na wata ƙungiyar NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, suka ce mai maki 14 ko ƙasa da haka ya fi kusa da mummunan rauni. Ƙungiyoyi suka karɓi lambar 14 hannu bibbiyu, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya taɓa ganin matashi riƙe da gwiwa yana birgima a fili, wata tara na jinya na jiransa, zai so a ce akwai mai gargaɗi.

Amma mutum 46 sun yi kaɗan. A 2016 aka wallafa binciken mata 710 'yan ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu a Norway, waɗanda aka auna yadda suke dirowa daga kan akwati su yi tsalle. Wannan gwajin, wanda daban yake da FMS, shi ma ya kasa ware waɗanda jijiyar gwiwarsu za ta tsinke. A shekarar ce Farfesa Roald Bahr, masanin lafiyar 'yan wasa a Norway, ya fito fili ya faɗi dalili: makin waɗanda suka ji rauni da na waɗanda suka tsira a cakuɗe suke. Duk inda ka ja layi, za ka ɗaga hankalin lafiyayyu, ka kuma sallami wasu da rauni ke tafe gare su. Balle ma gwajin farkon kakar wasa bai san gajiyar minti na 85 ba.

Har gobe irin wannan gwajin na da amfani wajen gano ciwon da ɗan wasa ke ɓoyewa. Rigakafi kuwa ya koma na kowa da kowa: shirin ɗumama jiki na FIFA 11+ ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku, atisayen ƙarfafa bayan cinya da ake kira Nordic kuma ya rage yagewar tsokar bayan cinya da kusan rabi.