Kare Ƙanana da Matsakaitan Kamfanoni daga Karayar Jari a Lokacin Annoba

Wannan fanni ya ƙunshi matakan da masu ƙananan harkoki ke ɗauka don kada jarinsu ya karye idan cuta ta game duniya ta tsayar da hada-hada. A ma'aunin Tarayyar Turai, kamfanin da ma'aikatansa ba su kai 250 ba ne ke shiga wannan rukuni. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa irinsu ne kusan kashi 90 cikin ɗari na kamfanonin duniya, kuma su ke ɗaukar fiye da rabin ma'aikata.

Annoba ta sha bamban da gobara ko ambaliya, domin mai saye da mai sayarwa da mai kawo kaya duk lokaci guda take bugunsu. An ga haka bayan 11 ga Maris 2020, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba, ƙasashe suka yi ta kafa dokar kulle.

Abin da ke fara durƙusar da ƙaramin kamfani shi ne rashin kuɗi a hannu. Ciniki ya tsaya, amma haya da albashi da bashin banki ba su san da zaman kulle ba. Wani bincike na JPMorgan Chase Institute, cibiyar bincike ta wani babban bankin Amurka, a 2016 ya nuna cewa rabin ƙananan kamfanonin Amurka ba su da ajiyar da za ta riƙe su fiye da kwana 27 idan kuɗi suka daina shigowa. Shi ya sa matakin farko lissafi ne: kwana nawa abin da ke hannu zai kai? Daga nan sai a nemi sassauci wurin mai haya, a roƙi banki ya ɗage lokacin biya, a bi bashin da ke waje, a dakatar da sarin kayan da ba sa tafiya. Da yawa sun gwammace rage awoyin aiki a kan sallama, don samun ƙwararren ma'aikaci bayan an buɗe ba ƙaramin aiki ba ne.

Dogaro da mai kawo kaya guda ma haɗari ne. Rufe birnin Wuhan a Janairun 2020 da tsayawar masana'antun Sin sun bar masu oda daga can hannu rabbana. Wasu sun koma sayarwa ta intanet da kai kaya har gida, sai dai wannan bai taimaki mai aski ko mai otal ba.

Gwamnatoci sun kawo ɗauki. Birtaniya ta riƙa biyan kashi 80 cikin ɗari na albashin waɗanda aka zaunar a gida, har zuwa fam 2,500 a wata. Amurka ta ba da rancen da ake yafewa ga wanda ya riƙe ma'aikatansa, Jamus kuma ta faɗaɗa tsohon tsarinta na Kurzarbeit, wato a rage wa ma'aikaci awoyin aiki, gwamnati ta cike masa wani ɓangare na albashin da ya rasa. Amma tallafi da takardu yake tafiya. Wanda ba shi da rajista ko littafin shige da fice sau da yawa bai ga komai ba.

Inshora kuwa ta jawo taƙaddama, don kamfanoninta da dama sun ce yarjejeniyarsu ba ta haɗa da annoba ba. Sai a Janairun 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukuncin da galibinsa ya goyi bayan 'yan kasuwa.