"Ai ina gani garau" ba hujja ba ce ga mai ciwon suga

Masu ciwon suga da yawa sun ɗauka muddin suna gani garau, idonsu lafiya lau, sai gani ya fara dishi-dishi za a nemi likita. Wannan fahimta ta makantar da mutane.

Idan suga ya daɗe yana hawa, yana lalata ƙananan jijiyoyin jini da ke can bayan ido. Wasu su riƙa tsattsafo da ruwa ko jini, wasu su toshe, kuma ba zafi, ba ja, ba ƙaiƙayi. Ana iya shekaru a haka. Kafin mutum ya lura, sau da yawa ɓarnar ta yi nisa, abin da ya tafi kuwa ba lallai ya dawo ba.

Gwajin tabarau bai wadatar ba. Sai an ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe, likita ya leƙa ciki. Mai ciwon suga nau'i na 2, wato wanda ya fi kama manya, ya je da zarar an gano ciwon, sannan duk shekara. Mai juna biyu kada ta jinkirta. Idan an gano da wuri, hasken leza ko allurar ido kan tare ɓarnar. A tafi gwajin da ɗan rakiya, don maganin da ake ɗigawa kan sa gani ya yi hazo na 'yan awoyi.