Waiwaye: Lissafin Kuɗin Karatu Na Intanet Da Kwanan Watan Da Ba A Rubutawa

Kwanakin nan a Legas, daga ƙofar masallaci a Agege har rumfunan albasa na Mile 12, da wuya iyaye su zauna su tashi ba a taɓo kuɗin karatun yara ba. Kukan ɗaya ne: mutum ya shiga intanet, manhajar lissafi ta ba shi adadi, ya yi tanadi a kai, sai takardar biya ta iso da wani zance daban. Wasu sun ce damfara ce, wasu sun jingina komai ga faɗuwar naira ta 2023. Ni a ganina ciwon ya girmi 2023 nesa ba kusa ba.

A Amurka irin wannan manhaja ta samu gindin zama. Dokar ilimi mai zurfi ta 2008 ta wajabta wa duk kwalejin da ɗalibanta ke cin tallafin gwamnatin tarayya ta saka manhajar a shafinta kafin ƙarshen Oktoban 2011, don iyaye su san abin da zai rage a kansu bayan an cire tallafi. Niyyar mai kyau ce, sai dai ɗan ƙasar aka yi wa ɗinkin. Yaron da ya tashi a Idi-Araba ba shi da rabo a galibin tallafin da take cirewa. A nan gida kuwa, zuwa 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta, rajista da biyan kuɗi ma ta intanet ake yi, shafukan da ke jera kuɗin makarantu suka yi ta tsiro kamar ciyawar damina.

Ranar da aka fi mantawa ita ce 20 ga Yunin 2016. Kafin ranar, dala ta shafe fiye da shekara tana zaune a wajen naira 197 a farashin hukuma. Zaman nan ne ya koya wa masu shafuka wata ɗabi'a: su ɗauki kuɗin makaranta na dala ko fam, su juya shi zuwa naira sau ɗaya, su rubuta, su tafi harkarsu. Ranar da aka saki farashin, dala ta haura zuwa wajen 280. A ce kuɗin shekara dala 10,000 ne: wanda ya kwana da lissafin naira miliyan 1.97 ya wayi gari yana neman miliyan 2.8, alhali makarantar ko sisi ba ta ƙara ba.

Daga nan lissafi ya rabu gida biyu. Farkon 2017 dala ta wuce 500 a kasuwar canji, mai biyan kuɗin makaranta ta banki da takardar Form A (ta neman sayen kuɗin waje) kuwa daga baya a shekarar ya riƙa samu a 360, in layi ya zo kansa. Makaranta ɗaya, shekara ɗaya, amma uba biyu na biyan kuɗi mabambanta. To wanne shafin ya ɗauka? Galibi ba ya faɗa. Ba ya kuma faɗin ranar da aka rubuta adadin, wani shafin ya kwafa daga wani, na uku ya kwafa daga na biyu, har tsohon farashi ya zama kamar hadisi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, wannan ilimi a hannun mutanenmu yake. Je ka wurin ɗan canji a Broad Street ka tambayi dala, zai ce maka “na yanzu kenan”, in ka dawo bayan la'asar sai ka sake tambaya. Dillalin tumatir ba ya sayar maka da kwando a farashin makon jiya. Amma adadi na fitowa a fuskar waya sai mu karɓe shi hannu bibbiyu. Gina manhaja aikin 'yan kwanaki ne, kula da ita kuwa aikin kullum, kuma shi ne ba a ware wa mutum ko kuɗi.

Saboda haka da 2023 ta zo, a kan tsohon miki ta sauka. A watan Yuni aka haɗe farashin canji, dala ta tashi daga wajen 460, farkon 2024 ta wuce 1,500. A Janairun 2024 Kanada ta ɗaga kuɗin da ɗalibi baƙo zai nuna yana da shi kafin a ba shi izinin karatu daga dalarta 10,000 zuwa 20,635. Wata guda bayan haka kuɗin lafiyar ɗalibi baƙo a Birtaniya ya tashi daga fam 470 zuwa 776 a shekara. Na gida ma bai tsira ba. Jami'o'in tarayya ba sa karɓar kuɗin koyarwa, amma akwai na rajista, na karɓar gurbi, na ɗakin kwana, ga kuɗin mota bayan cire tallafin fetur. Lamunin NELFUND, asusun rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, da aka buɗe a Mayun 2024 ya kawo sauƙi, da naira 20,000 na kashewa a wata, amma bashi ne, dole ya shiga lissafi a matsayin bashi.

Wani maƙwabcina mai sayar da hatsi ya miƙo mini wayarsa bayan sallar isha'i. “Malam, duba mini, wannan ne kuɗin yarinyar?” Na bi shafin sama da ƙasa ina neman kwanan wata ko farashin dalar da aka yi aiki da shi, babu ko ɗaya. Na ce, “Alhaji, kada ka sayar da buhu ko ɗaya tukuna.” Washegari muka rubuta wa ofishin kuɗi na makarantar muna neman cikakken jadawalin bana, shi kuma ya buɗe littafin cinikinsa ya ja layi uku: adadi, farashin canji, da rana.