Wai me ake nufi da estenshan a harkar kodin?

Kwanan nan duk yaron da ya fara koyon Flutter (kayan aikin haɗa manhajar waya da yaren kodin na Dart) a Samaru sai ka ji yana cewa "yaya ai estenshan na yi", amma in ka zauna da su za ka ga kowa da abin da yake nufi. Wani ya ɗauka gado ne, wato an haifi sabon class (ƙunshin kod mai tattare bayanai da ayyukansu) daga tsoho, wani kuma gani yake ya buɗe cikin String, wato class ɗin da ke riƙe rubutu, ya gyara shi ne. Ko ɗaya ba haka ba ne.

Ka tuna estenshan ɗin wuta da muke saya a kasuwar Sabon Gari, ba ka fasa bango ba, ba ka taɓa wayarin ɗin gida ba, jonawa kawai ka yi a soket ka samu ƙarin ramuka. To haka yake, class ɗin yana nan yadda mai shi ya bar shi, kai daga waje ka liƙa masa ɗan aiki. Yaren kodin na C# ya zo da shi a 2007, Dart sai ƙarshen 2019. Tunda daga waje ka liƙa, a yarukan C# da Kotlin da Dart in class ɗin yana da aiki mai suna irin naka, nashi za a kira, naka ya tashi a banza.

Abin da yake ci min rai shi ne sunan da ake sa wa estenshan. Wani ƙanina ya kawo min aikinsa na gama makaranta, fayil ɗaya wai Utils, a ciki akwai mai gyara kwanan wata, akwai mai sa alamar naira, akwai mai maida 080 ya koma +234, wallahi sai na tuna estenshan ɗin ɗakin ɗalibai da ake jona hita da dutsen guga da cajar mutum shida har ya fara warin ƙuna, in abu ya lalace ba ka ma san wanne za ka cire ba. Sunan StringX ɗin da ake yayin sa wa estenshan ɗin String ma bai gaya min komai ba.

Mutanen C# suna cewa StringExtensions, da dama-dama, ka san inda aka jona. Amma ni salon sa suna na yaren Objective-C ya fi kwanta min, sunan class, alamar +, sai aikin da yake yi. Su dole ce ta koya musu hankali, don a can in sunaye biyu suka yi karo ba wanda zai ce maka ga wanda zai yi aiki, sai kowa ya riƙa sa haruffansa a gaban suna, Apple ma ya riƙe masu harafi biyu irin NS wa kansa. Na sa ƙanin nawa ya raba fayil ɗin gida uku, na lambar waya muka sa masa String+LambarWaya.