Ma'anar "power pop" da tarihin ƙungiyar Big Star

"Power pop" suna ne na wani salon kiɗa da ya samo asali daga Ingila da Amurka, wanda ya haɗa gajeruwar waƙa mai daɗin amshi, irin ta ƙungiyar mawaƙan Ingila The Beatles a farkon shekarun 1960, da amon jitar lantarki da bugun ganga mai ƙarfi. Galibi waƙar minti uku ce ko kusa da haka, muryoyi biyu ko uku suna haɗuwa a wajen amshi, jigonta kuma soyayyar samartaka ce da begen wanda ba a samu ba. Pete Townshend na ƙungiyar mawaƙan Ingila The Who ne ya fara furta kalmar a wata hira a 1967, amma sai ƙarshen shekarun 1970 ta zama ruwan dare a bakin masu sharhi.

A ganina, babu ƙungiyar da ta fito da ma'anar kalmar kamar Big Star, wadda Alex Chilton da Chris Bell da Andy Hummel da Jody Stephens suka kafa a birnin Memphis na Amurka a 1971. Sunan ma daga wani kantin kayan abinci da ke kusa da ɗakin ɗaukar sauti na Ardent suka aro shi. Masu sharhi sun yaba wa faifansu na farko, #1 Record, wanda ya fito a 1972, sai dai kamfanin Stax da ya ɗauki nauyin rarraba shi bai iya kai shi kantuna yadda ya kamata ba. Abin takaici ne ƙwarai mutum ya karanta yabon faifai, ya je saye, a ce masa babu. Bell ya fice kafin shekarar ta ƙare. Faifai na biyu, Radio City, ya fito a 1974, shi kuma saɓanin Stax da kamfanin Columbia ya rutsa da shi.

Na uku bai ga kasuwa ba sai 1978, bayan ƙungiyar ta riga ta watse, kuma a watan Disamban shekarar Bell ya mutu a haɗarin mota yana da shekara 27. Matasan da suka ci karo da faya-fayan nan daga baya, irin su 'yan ƙungiyoyin mawaƙan Amurka R.E.M. da The Replacements, su ne suka raya sunan, har Chilton da Stephens suka sake hawa dandamali da shi a 1993.