Ku daina kwantar da yara da zaƙi a baki

Iyaye, abin ya ishe ni. Kullum sai an kawo mana, a asibitin haƙori, yaro ɗan shekara 2 ko 3 haƙoransa na gaba sun cinye har dasashi. Ka ɗaga leɓensa na sama ka ga baƙaƙen guntaye, yaro ya kasa tauna, ya hana kowa barci. Ka tambayi uwa da me yake kwana, ta ce ai ba ya barci sai da bulumboti a baki, an zuba madara da sukari ko lemo.

To, nan matsalar take.

Yawu shi ne mai gyaran haƙori. Akwai kalsiyam da fosfet a cikinsa, kuma su ne yake mayar wa ɓawon haƙori bayan tsamin da sukari ke haifarwa ya zaizaye shi. Amma da zarar yaro ya yi barci, yawu ya ragu ƙwarai. Ke kuma a lokacin kika bar masa zaƙi ya kwana a kan haƙora har gari ya waye. Wa zai gyara?

Na san gajiya ce. Yaro yana kuka, ke ma kina neman ki runtsa, ban ga laifinki a nan ba. Amma don Allah a daina ce mini "ai zai yi famfara". Sai wajen shekara 6 famfara ke farawa, turamen baya kuwa suna nan har 10 zuwa 12. Duk shekarun nan da ciwo zai zauna? A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, yara miliyan 514 ne ke fama da ruɓewar haƙoran yarinta.

Ki duba gindin haƙoransa kusa da dasashi. In kin ga farin tabo kamar alli, ki kawo shi yanzu, don yana iya warkewa ba tare da ciko ba. Muna shafa maganin fuloraid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) mai ƙarfi sau 2 zuwa 4 a shekara. Akwai kuma man da ake yi daga furotin ɗin madara mai ƙara kalsiyam da fosfet, sai dai ba a shafa wa yaron da jikinsa ba ya karɓar madara. In tabo ya zama rami, yawu ya gama nasa. Kuma duk abin da muka shafa, in an koma gida an ci gaba da bulumbotin dare, aikin banza muka yi.

A taƙaice:

- Da dare ruwa zalla, in har sai ya sha wani abu.
- Buroshi sau 2 a rana tun fitowar haƙorin farko, na dare shi ne dole.
- Man goge baki mai fuloraid aƙalla 1000 ppm (ma'aunin yawan fuloraid a cikin man): ɗan shafe kawai ga wanda bai kai shekara 3 ba, ɗan ɗigo daga 3 zuwa 6.
- Ya tofar, kada ya kuskure baki.
- Bayan buroshin dare, babu alewa, babu lemo, ko waye ya kawo tsarabar.